Rigar Ɗarin Adda Mai Kaba

A ƙauyen Kukar Gudaji, tsakanin Gagarawa da Gumel, an yi wata mace da kowa ke kira Adda. Ita ce babba a ɗakinsu, ƙannenta suka riƙa ce mata Adda, gari ya ɗauka, har sunan yankan ya ɓace. Ɗan da ta haifa ma ya tashi ya tarar ana kiran ta haka, ya bi sahu.

Sana'arta kaba. Tun tana 'yar shekara tara take bin kakarta daji, su yanko ganyen kaba, su shanya, su tsage, su saƙa tabarma. Gajera ce, siririya, mai saurin tafiya. Marigayi mijinta yakan ce shekara ashirin suna tare bai taɓa jerawa da ita a hanya ba, ƙeyarta kawai ya sani. In tabarmi suka taru sai ta naɗe su ta ɗora a ka, ta nufi kasuwar Maigatari, inda mutanen Damagaram ke sayensu. Da aka ce mata Nasara da Faransa sun ja iyaka a wajen, sai ta tambaya ko sun raba kabar ma. Aka ce a'a. Ta ce to babu abin da ya shafe ta.

Lokacin yankan kaba shi ne bayan an gama aikin gona, wato daidai sa'ad da ɗari ke shigowa. Dajin kuma da nisa, sai an fita da an idar da sallar asuba kafin a dawo da hantsi. Matan ƙauye a zamanin nan ba su da wata sutura sai zane da ake ɗaurewa a ƙirji, da mayafi a bisa kafaɗa. Mayafi kuwa kayan mai zaman hutu ne. In kika sunkuya ya zame, in kika ɗaure shi ya kama miki hannu, in kika sake shi ƙayar kaba ta cafke. Don haka da an isa daji kowace mace sai ta rataye nata a reshe, ta yi aiki kafaɗa a waje, haƙora na kaɗawa. Kowace shekara su dawo da kaba da tari, su ɗauka duk cikin sana'ar ne.

Haka Adda ta yi ta yi har ta haura hamsin. Sai shekarar murar nan mai kisa, wadda aka sa wa suna Marisuwa, ta kwantar da ita wata guda. Ta tashi, amma murar ta bar mata wani tari mai zurfi a ƙirji.

Ɗanta Sajo, wanda shi ne na fari kuma shi kaɗai ya rage mata, yana awon hatsi a kasuwar Gumel, Allah kuma ya buɗa masa. Ya gina mata ɗakin soro a gidansa. Amma ba dama ya zauna ya yi maganar da ita, domin Adda mai kunyar ɗan fari ce ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo ta ƙofa sai ta tuna da wani aiki a bayan ɗaki. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce “mutumin Gumel”. Saboda haka sai ya kai maganar wurin ƙanwarta Safara'u, masaƙiya, wadda suke zaune gida ɗaya tun da mazajensu suka rasu.

Ya ce, “Inna, ki gaya mata. In tarin nan ya dawo bana, zan zo da jaki. Ba zan zauna a Gumel ina jiran a aiko mini ba.”

Adda tana bayan danga tana jin komai. Da ya tafi ta fito ta ce, “Kin taɓa ganin gidan? Katanga ta fi raƙumi tsawo. A ajiye ni kamar tulu, a zuba mini fura da safe, a zuba da yamma. Wata biyu zan yi ku je ku ɗauko gawa.”

Safara'u ta ce, “To ki bar zuwa daji.”

“In na bar daji ai Gumel ɗin ce ta zo ta same ni a nan.”

Safara'u ba mai yawan magana ba ce, tunaninta a hannu yake. Kwana biyu tana zaune gaban masaƙarta tana kallon masu wucewa. Sai ta lura da abin da kowa ke gani kullum: maza na sassabe da sanyin safiya, suna sunkuyawa suna miƙewa, rigarsu ba ta faɗuwa, domin kansu ne ke riƙe da ita. Ta zaɓi abawa, zaren nan mai kauri da ake yin gwado da shi, ta saƙa ƙyalle mai nauyi, ta buga shi ya matse sosai yadda iska ba za ta ratsa ba. Dabararta a ninke shi biyu, a tsaga tsakiya kai ya shiga, a haɗe gefe da gefe, a bar wa hannuwa ƙofa. Ba hannun riga da ƙaya za ta kama, tsawonsa kuma iyakar ƙugu.

Ta so a kai shi marina tukuna. Adda ta ce marina sai an yi kwana bakwai ana jira, ɗari kuwa ya riga ya shigo, kaba ba ta damu da launi ba. Aka bar shi fari fat.

Saura ɗinki. A lokacin allura ta maza ce. Mace ta kaɗa zare, ta yi saƙa, amma ɗinki sai a kai wa maɗinki, maɗinkin Kukar Gudaji kuwa Cindo ne, ɗan kawunsu, taubashin Adda. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi wa juna tsiya ba. Safara'u ta san in Cindo ya ji riga ce za a yi wa mace, kuma macen Adda ce, to kafin azahar har jakunan gari sun sani. Ita kanta kunyar abin take ji. Sai ta lulluɓe ƙyallen cikin mayafi, ta same shi a zaurensa da sassafe, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya.

“Yaya Cindo, a tsaga nan, daidai shigar kai. A haɗe gefen. Na Adda ne. Don Allah kada kowa ya ji, kuma yau nake so.”

Cindo ya dubi farin ƙyalle. Ya dubi Safara'u da kanta ke sunkuye. Ya tuna tarin da yake jiyowa ta kan danga. A iya saninsa, kuma shekara talatin yana ɗinki, farin ƙyalle guda ɗaya ne ake ninkewa a tsaga tsakiyarsa don mace, shi ne wanda ake zura wa mamaci a cikin likkafani. Tsofaffi masu tsoron Allah sukan tanadi nasu in suka ji jiki ya yi nauyi. Bai yi tambaya ba, don irin wannan ba a tambaya.

Ya ce, “Abin har ya kai haka?”

Safara'u ta ɗauka tarin yake nufi, ta ce, “Ya kai, Yaya. Mun rasa wata dabara.”

Ya yi aikin yana share ido da bakin riga. Ya yi shi yadda ake yin irinsa a garin, ɗinki mai faɗi sama-sama, ba a ƙulle bakin zare. Da ta dawo karɓa ya ƙi ladan aiki, ya ce wannan don Allah ake yi. Safara'u ta koma gida tana mamakin yadda tsufa ya gyara Cindo. Shi kuwa ya riƙe sirri kamar yadda aka roƙe shi, bai gaya wa kowa ba sai liman, Malam Bappa, da wani mai jaki da ke shirin tafiya Gumel.

Washegari da hantsi Sajo ya iso, ƙafafunsa duk ƙasa, ko hula bai tsaya ya daidaita ba. Ya tarar da Cindo da Malam Bappa zaune bisa tabarma a ƙofar gida, sun yi sallama sau uku ba a amsa ba. Aka kira matar liman ta leƙa. Ta fito ta ce ba kowa a ɗakin, amma tokar murhu da ɗuminta.

Suna cikin jinjina wannan al'amari sai ga mata biyu sun ɓullo ta hanyar daji. Ta baya, Safara'u ce, tana haki. Ta gaba tana tafe da sauri, da damin kaba a ka wanda ya fi ta tsawo, sanye da farin abu. Gefe guda na ɗinkin ya warware tun a daji, ta yanki tsinken kaba ta ɗaure shi a ƙugu. Gumi na tsattsafowa a goshinta.

Malam Bappa ya fara salati a hankali. Cindo ya miƙe tsaye ya sake zama.

Adda ta sauke daminta, ta gaida liman da ladabi, ta hangi ɗanta ta gefen ido, ta juya masa baya. Ta ce, “Safara'u, tambayi baƙon nan, wa ya rasu a Gumel?”

Liman ne ya yi gyaran murya ya bayyana yadda aka yi, yana zaɓen kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a gero. Safara'u ta rufe baki da mayafi. Adda ta dubi rigarta, ta dubi inda zaren ya zare, sannan ta dubi Cindo.

“Wato likkafanina ka ɗinka.”

“Abin da aka kawo mini na ɗinka.”

“Shi ya sa ya kwance tun ban cika dami ba. Yatsa shida Allah ya ba ka, ɗaya bai iya ƙulli ba.”

“Wanda na ɗinka wa ai ba ya sunkuyawa,” in ji Cindo. “Wa ya san gawar za ta tafi yankan kaba?”

Malam Bappa ya ce, “Ya yi miki kuka, Adda. Ni shaida ne.”

“Ƙaiƙayin abawa ne ya shiga mini ido, Malam.”

“Ka yi kukanka, na karɓa,” in ji Adda. “In ranar ta zo ba sai ka sake ba.”

Kowa ya yi dariya ban da Sajo. Ya ce, “Inna, ni ban ga abin dariya ba. Daga Gumel zuwa nan ban san inda na taka ba. Yau ƙarya ce, gobe fa? Ta haɗa kayanta.”

Adda ta tsuguna tana kwance igiyar daminta, ta ce wa igiyar, “Cewa aka yi in tari ya dawo. A tsaya a ji shi mana.”

Maganarsa ce, kuma an faɗe ta gaban liman. Sajo ya ce zai kwana uku, zai kuma bi su dajin ya gani da idonsa.

A ranar Cindo ya karɓi rigar ya sake ɗinke ta, ƙanana-ƙananan ɗinki, ya ninke bakin wuyan don kada ya ci fata, ya ƙulle kowane zare sau biyu yana gunaguni. Safara'u ta ƙara mata igiya a ƙugu.

Da asuba suka fita su uku. Sajo na sanye da rigarsa ta birni, fara sol, mai faɗi, marar nauyi, irin wadda ake zama da ita a rumfar kasuwa. Iska ta shiga ta hannun dama ta fita ta hagu. Ƙaya ta kama shi sau huɗu. Ya tsaya gindin wata goruba ya rungume hannuwa yana kallon uwarsa tana sunkuyawa tana miƙewa, lauje na aiki, rigar na zaune a jikinta daram. Ya kasa kunne. Ta yi tari sau ɗaya a rana ta farko, ƙarami. Ta ce wa Safara'u ƙwaro ne ya faɗa mata a maƙogwaro. A rana ta biyu bai ji komai ba, watakila don shi ne ke atishawa. A rana ta uku bai iya fita ba. Ya kwanta a zaure, hanci a toshe, Safara'u na dafa masa citta da kanumfari.

Adda ta dawo da daminta, ta tsaya a bakin zaure tana kallon sama. Ta ce, “Safara'u, mutumin Gumel ba shi da ƙirjin zaman ƙauye. A mai da shi inda katanga take.”

Da ya ji sauƙi ya yi shirin komawa. Ya durƙusa daga nesa ya yi sallama, ta amsa wa bango. Ya ja Safara'u gefe.

“Inna, ɗakin yana nan. Ba zan sa kowa a ciki ba.”

“Ta ji.”

“Abu biyu nake roƙo. A rina ta, kada wani ya gamu da ita da asuba ya haɗiye zuciya. Kuma in wani abu ya faru, ke ki aiko, ba Kawu Cindo ba.”

Aka rina rigar ta zama baƙa. Matan da suka yi ta ƙyaƙyata dariya a makon farko, kafin ɗari ya fita uku daga cikinsu sun zo wurin Safara'u da audugarsu, kowace na cewa ta wata 'yar'uwarta ce. Cindo ya ɗinka duka, amma ya kafa doka: ba ya karɓar fari, kuma sai mai rigar ta zo da ƙafarta ya gan ta tana numfashi.

Adda ta ƙara ganin lokacin ɗari har sau takwas a Kukar Gudaji. Tarin yakan leƙo wata shekarar, ya yi kwana biyu ya wuce, bai taɓa yin ƙarfin da labarinsa zai kai Gumel ba. Ɗakin soron kuwa, da Sajo ya gaji da sharewa, sai ya riƙa ajiye tabarmin da take aiko masa ya sayar mata. Takan ce wa mai jaki ya gaya wa mutumin Gumel ya ɗaga su daga ƙasa, saboda gara.