Ledar da Ban Karɓa Ba

Babur ɗin nan ya girme ni da shekara biyu, kuma har gobe duk wanda ya kira shi akwala a gabana sai mun ɓata. Na Baba ne. Ya saye shi lokacin yana malamin gona, da shi ya karaɗe ƙauyukan Gaya da Ajingi yana nuna wa manoma yadda ake sa taki da feshin gyaɗa. Da ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwana kowa idonsa na kan gona, ni kuwa na ce a sa mini babur a cikin rabona. Aka yi ta yi mini dariya, har da masu cewa in haɗa da igiyar jansa. Ko a jikina, don na san abin da na ɗauka.

Ja ne, ɗan Japan na asali, mai ƙaramin inji, irin wanda yanzu da wuya ka gamu da shi a titi. Da shi nake zuwa aiki daga gidana a Gaya zuwa Islamiyyar da nake koyarwa a Ajingi. Ranar Alhamis ba karatu, to ranar tasa ce. Da hantsi nake shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar ƙofar gida, in fito da sifanonin Baba. In cire filogi in wanke shi da fetur da tsohon buroshin haƙori, in duba baƙin mai, in ɗaure sarƙa in ɗiga mata mai. Daga nan in buɗe murfin gefen inji in duba kwantak, wato wasu 'yan haƙora biyu na ƙarfe da ke buɗewa suna rufewa su aika wa filogi wuta. In goge su da sanfefa, in auna tazararsu da kwalin ashana, kamar yadda Baba ya koya mini. Gargaɗinsa ɗaya ne kullum, kada in cire abin da ban tabbatar ya mutu ba.

Abu ɗaya ne ban yarda da hannuna a kansa ba, shi ne wayoyin wuta. Wannan kuwa ina da mai yi mini. Abokina ne tun muna makarantar allo, shi ya yi mini babban aboki da na yi aure, kuma yana da rumfar rewaya a bakin tasha a Gaya. Yana ce mini Malam, ni ina ce masa Injiniya don tsokana. Ranar da ba aiki, bayan la'asar a kan bencinsa ake samuna, muna cin gyaɗa muna musun siyasa. Da za a ce in nuna mutum ɗaya a garin nan da zan ba ajiyar gidana in yi tafiya, shi zan nuna ba tare da na yi tunani ba.

Wata shekara sai fitilar babur ta fara wasa. Ta yi haske, ta dushe, ta dawo. Hon kuma ya koma kukan akuya mai mura. Na kai wa abokin nawa. Bai ko taɓa sifana ba. Ya karkata kai ya saurari injin, ya girgiza kai.

Ya ce, “Malam, maganeton nan ya gaji. Ita ma wutar ƙarama ce, mai lamba shida. Duniya ta koma sha biyu tuntuni, kai kaɗai aka bari.”

Maganeto shi ne faifan da ke juyawa a gefen inji yana haifar da wutar babur gaba ɗaya. Na ce masa wannan tun daga kamfani yake, Baba bai taɓa cire shi ba, ni ma ba zan fara ba. Ya yi dariya ya ce, “Ni dai shawara ce.” Ya canza mini ƙwan fitila kyauta na tafi.

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Bai taɓa matsa mini ba, wannan kam zan shaide shi. Yau ya kunna mini fitilar babur ɗin wani ya ce in ga haske. Gobe ya ce batir mai lamba shida ya kusa ƙarewa a kasuwa. Jibi ya ce shi tsoronsa kada wani abu ya same ni a hanya, ya rasa abin da zai gaya wa iyalina. Ni kuwa ina jin daɗi, ina cewa a raina Allah ya ba ni aboki mai damuwa da ni.

Sai ranar da karatu ya ja har muka yi magariba a Ajingi. Ina dawowa da almuru fitila ta ɗauke ɗif, daidai lokacin da amalanken shanu ɗauke da karan dawa ke gabana. Da ƙyar na kauce, na faɗa cikin kunyoyin gonar wani, gwiwata ta kuje. Washegari na tura masa babur na ce, “Injiniya, ka ci nasara. Yi yadda ka ga dama.”

Kwana uku ya yi a wurinsa. Ya cire maganeton da kwantak da kwayil mai ƙara wa filogi ƙarfin wuta, ya sa sababbi da ya sayo daga Kano, da sabon batir, da wani ɗan baƙin kwali da suke kira sidi'ai, wanda ya ce shi zai riƙa yin aikin kwantak ba sai an goge komai ba. Da na je ɗauka ya kunna fitila da rana tsaka, sai da na kare idona. Ya danna hon, wata mai talla ta zabura. Na ciro kuɗin aikinsa ya ture hannuna, ya ce in ban mayar ba zai yi fushi.

To a nan ne na yi wauta. Kowa ya san al'adar bakanike a wurinmu. Duk abin da ya cire maka a jikin abin hawa, ko mataccen filogi ne, zai zuba a leda ya rataya maka a hannun babur. Da haka yake wanke kansa, ka ga abin da aka cire da idonka, ka tafi da kayanka. Baƙon bakanike ma da bai san sunanka ba yana yi. Na dubi hannun babur, ba leda. Na saci kallon ƙarƙashin benci, ba komai. Maganar ta zo har bakina. Amma ta yaya zan ce wa mutumin da ya ƙi karɓar ladan aikinsa yanzu-yanzu, “Ina tsofaffin kayana?” Ai tamkar na ce masa ban yarda da shi ba ne. Na yi masa kara, na haɗiye, na yi godiya na tafi. Da na isa gida maiɗakina ta tambaye ni ina kayan da aka cire. Na daka mata tsawa na ce ba a yi wa irin wannan mutumin irin wannan tambaya.

Mako biyu na ji daɗi. Ana shiga na uku fitila ta koma wasanta na da, hon ya koma mura. Ga kuma sabon ciwo: in rana ta take, inji ya yi zafi, sai babur ya mutu murus. Ranar farko a tsakiyar hanyar Ajingi ya yi mini haka. Na sauka da ƙarfin gwiwata, na ciro sanfefa daga aljihu, na buɗe murfi, sai na tuna babu abin gogewa. Ɗan baƙin kwalin nan a like yake, ba ƙofa ba taga. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Ƙarshe a bayan a-daidaita-sahu aka ɗaure babur ɗin Baba da igiya, ƙafarsa ɗaya a waje. Tun da aka saye shi ba a taɓa ɗaukarsa ba sai ranar, kuma wallahi na ji kunya har cikin ƙashina.

Abokina ya ce kwalin ne jabu, kayan yanzu sai a hankali. Ya sa wani. Shi ma bai daɗe ba.

Wata Alhamis na shimfiɗa buhuna na zauna na yi tunani. An canza komai na wuta, amma ciwon fitila yana nan. Ashe ke nan ciwon yana cikin abin da ba a canza ba. Na cire kujera, na sauke tanki, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ni da nake tsoronsu. Can ƙarƙashin tanki na tarar da wata 'yar waya da aka ɗaure a jikin ƙarfen babur. Notinta ya yi tsatsa, ya saki, da na taɓa shi sai ya juya. Na kwance, na goge wurin har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure tam. Na kunna. Fitila ta tsaya cak ba ko ƙiftawa, hon ya buɗe murya. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Amma ban yi murna ba. Lafiyar maganeton Baba ƙalau, na bari aka cire shi saboda noti ɗaya. Na hau na tafi bakin tasha.

Na ce, “Injiniya, ina tsofaffin kayan nan? So nake a mayar da su.”

Ya ce, “Wai! Ai 'yan gwangwan sun kwashe tuni. Matattu ne fa, Malam.”

Na ba shi labarin wayar. Ya tuntsire da dariya ya ce na kusa ƙwace musu sana'a. Raina ya ɓaci ƙwarai, kwana biyu ban je bencinsa ba. Amma na ce kuskure ne, kowane gwani yana yi, kuma ni ma da laifina. Na koma muka ci gaba da cin gyaɗarmu.

Bayan kaka, ranar kasuwar Ajingi, na tsaya sayen gero. Ina kafe babur sai na ga ɗan'uwansa a gefen rumfa, iri ɗaya sak, sai dai shi shuɗi ne, yana ta ƙyalli. Mai shi wani dattijo ne, Alhaji mai sayar da hatsi, mai yawan surutu. Da ya ga nawa ya taso da fara'a, muka gaisa kamar dangi. Bai tambaye ni daga ina nake ba, ya ɗauka ɗan gari ne. Ya taka nasa sau ɗaya ya tashi.

Ya ce, “Ka ji ko, Malam? Maganeto na asali ne a ciki, har da kwantak ɗinsa. Na sha wuya kafin in samu. Wani mai rewaya ne a bakin tashar Gaya ya samo mini, kusan shekara ina jiransa. Ya ce akwai wani malami abokinsa mai irinsa, taurin kai ne da shi, amma in yi haƙuri yana lallaɓa shi. To ka ga Allah ya yi. Yanzu kafireta mai shayar da inji fetur ce ta rage, ya ce in ba shi zuwa bayan Sallah.”

Aka kira shi awo ya juya. Ni kuwa na zauna a kan buhun wani. Yana lallaɓa shi! Duk ƙwan fitilar nan na kyauta, duk “ni dai shawara ce”, duk tsoron kada wani abu ya same ni a hanya, ashe lallaɓa ni ake yi kamar ragon da za a kai kasuwa. Wata nawa ina yawo da fitilar da ke ɗaukewa, har na faɗi a gona, shi yana jira in gaji. Maganeton ya yi mini ciwo, amma wannan ya fi. Ban sayi geron ba.

Na iso Gaya bayan la'asar. Niyyata in wuce gida in huce tukuna, don na san zuciyata. Amma hanyar ta gaban rumfarsa take, yana hango ni ya ɗaga hannu. Na tsaya ban kashe inji ba. Ya taso da fara'arsa, da waya a hannu yana feƙewa. Ya karkata kai ya saurara, ya girgiza kai.

Ya ce, “Malam, kafiretar nan taka ba ta yi mini ba. Ka kawo ta wani lokaci in duba maka.”

Na kashe babur. 

Na ce, “Bayan Sallah ka ce wa Alhajin Ajingi, ko ba haka ba?”

Fara'ar ta ɗauke. Na zaci zai yi rantsuwa, ko ya ce ƙarya aka yi masa, har na shirya abin da zan mayar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya koma kan bencinsa ya zauna, ya dubi wayar hannunsa.

Ya ce, “Ai da ka ce in ba ka kayanka ranar, da na ba ka. Ba ka tambaya ba.”

Na ce, “Ban tambaya ba don kai ne! Da wani ne da ban bar wurin nan ba sai da ledata.”

 Shi kuwa ya sunkuya ya ci gaba da feƙe wayarsa. Na tsaya riƙe da babur ina jira ya ɗago kai ko sau ɗaya ya ce in yi haƙuri. Wallahi da ya faɗa da na haƙura, na san halina, da yanzu ina kan bencin nan. Na jira har aka fara kiran magariba. Bai ɗago ba.