Saƙon da Ya Zo da Lambar Surukina

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon surukina ido cikin ido ba. Bafulatani ne, mazaunin wani ƙauye a bayan Kanya Babba, yana noma yana kiwo. Kowa a gidan Baffa yake ce masa, ni ma na bi sahu. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa kaina a ƙasa. Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri, ya tambayi aiki da mutanen Kazaure, shi ke nan an gama. Ba ma cin abinci wuri ɗaya. In akwai maganar da ta wuce gaisuwa, sai ta bi ta bakin matata zuwa ga mahaifiyarta, daga nan ta isa gare shi, amsa kuma ta biyo hanyar ta dawo. Lambarsa tana cikin wayata, tawa tana cikin tasa, amma ba wanda ya taɓa kiran wani. Wannan kunya ba ta dame ni ba, har alfahari nake yi da ita.

Ni ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a lokacin ina ji da kaina. A ofis ni ne mai yi wa mutane huɗuba a kan 'yan damfara. In wani ya zo wai an kira shi daga banki ana neman lambobin katinsa, ni ke karɓe wayar in wanke mai kiran tas. In kuwa an riga an cuci mutum, bakina ba ya shiru. "Kai ma dai da kwaɗayi," nake cewa, "wa zai ba ka kuɗi a banza?" A ganina kwaɗayayye da sakarai kaɗai ake damfara, ni kuwa ban ga kaina a cikinsu ba.

Wata rana da damina, ina zaune a ofis bayan azahar, saƙo ya shigo wayata. Da na ga sunan Baffa sai da na gyara zama. Ga abin da aka rubuta: "Assalamu alaikum. Na sa an rubuta min ne domin bakina ba zai iya faɗa maka ba. Shanu sun shiga gonar wani sun yi ɓarna, mai gonar ya ce in ba a biya shi yau ba zai kai magana gaba. Ba ni da wanda zan tunkara sai kai. Ka rufa min asiri, kada yarinyar ta ji." A ƙasa akwai adadin kuɗin da lambar asusu da sunan wani mutum da ban sani ba, aka ce na mai POS ne a Babura, a wurinsa zai karɓa.

Duk alamomin da nake karanta wa mutane suna nan a jere. An ce yau ɗin nan, an ce kada kowa ya ji, asusun kuma ba na mai roƙon ba ne. Da a wayar wani na gani, da tun kafin ya gama nuna min na ce masa ɓarayi ne. Amma abin da na ji a lokacin daɗi ne, gara in faɗi gaskiya. Dattijon da bai taɓa neman ko allura a wurin kowa ba, yana da 'ya'ya maza, yana da wasu surukai, amma ni ya zaɓa. Kaina ya kumbura.

Duk da haka na yi ta maza na danna kira. Wayar ta fara ringi, ina tunanin da wane baki zan ce wa Baffa, kai ne ka roƙe ni kuɗi? Sai aka katse. Nan da nan wani saƙon ya shigo: "Kada ka kira, ba zan iya magana da kai a kan wannan ba." Wallahi ajiyar zuciya na yi. Na ce lallai Baffa ne, ko ni ne shi haka zan yi. Na tura kuɗin, har da ɗan ƙari na mota.

Ba a jima ba aka sake rubutowa, wai mai gonar ya ƙi karɓa sai an cika. Na cika. Wannan karon sai da na taɓa abin da muke tarawa na makarantar yara, ban gaya wa matata ba. Na riƙe sirrin ina jin kaina wani babba.

Daga nan na zauna jiran godiya. Ba wai ya kira ni ba, na san ba zai yi ba. Amma na sa rai ko ta bakin surukata a ce Baffa yana sa min albarka, ko a aiko da ɗan man shanu fiye da yadda aka saba, in gane. Shiru. Da muka je yawon salla na durƙusa a inda na saba, ya amsa gaisuwata yadda ya saba, ko ɗigo bai ƙara ba. Yana sanye da sabuwar shadda fara. Na ɗan saci kallonta, zuciyata ta ce, ka ga kuɗinka. Har yau in na tuna wannan kallon sai in ji kamar in nutse.

A hanyar dawowa na ƙi magana. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Tun daga ranar na soma ganin dattijon da wani ido. In ta ce Baffa ya sayi ɗan maraƙi, in ce a raina, da kuɗin wa? In ta ce Baffa ba ya son a yi masa hidima, in yi murmushi in kau da kai. Mutumin yana can yana bin shanunsa, bai san yana da laifi a wurina ba.

Roƙo na uku ya zo a ƙarshen wata, albashi ya makara, ga shi an koro yara saboda kuɗin makaranta. Wai yanzu magani zai saya. Na shiga gida raina a ɓace, matata kuma ta tare ni da tambayar inda kuɗin da muka tara suka shiga. Ni mutum ne mai saurin fushi, in ya taso ba na tauna magana.

"Ki je ki tambayi ubanki," na ce. "Shi ya san inda suka shiga."

Tana tankaɗe gari ne, ta ajiye rariyar. Ban taɓa ce masa ubanki ba sai ran nan.

"Malam, me ka ce?"

"Na ce ki tambayi Baffa. A gaban mutane ba ya roƙo, amma a waya ya iya. Wannan ne karo na uku, ko sannu ban samu ba."

Na miƙa mata wayar. Ta karanta saƙonnin tun daga na farko, a hankali, har ƙasa. Da ta ɗago, fuskarta ba fushi, da ma fushin ta yi da ya fi min sauƙi.

"Wayar Baffa ta ɓata a kasuwar Babura tun kafin ruwan farko," ta ce. "An zare masa ita a aljihu. Wayar Yayana yake ara in zai kira Inna daga daji. Kowa ya sani."

Kowa ya sani ban da ni, domin ban taɓa tambaya ba, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya wa mutumin da ba ya kiransa. Ɓarawon ya buɗe wayar ya ga an ajiye lambata da sunan suruki. Ɗan ƙasar nan ne, ya san yadda muke. Ya san ba zan iya tambaya ba, ya san in an ce min kada in kira zan gode. Tambaya ɗaya ga matar da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ta isa ta tona shi, shi ya sa tun a saƙon farko ya ce kada ta ji.

Na tsaya tsakar gida na rasa inda zan sa kaina. Na fara cewa ai lambarsa ce, ai kowa zai iya ruɗewa. Ta girgiza kai.

"Kuɗi ba komai ba ne, Malam, ana cutar kowa. Amma ka yarda Baffa zai roƙe ka a ɓoye, ya ci, ya yi shiru. Ka zauna a gabansa ranar salla da wannan a ranka."



Na roƙe ta kada maganar ta fita. Ta ce dole a faɗa, domin wa ya san mutum nawa aka rubuta wa da sunansa. Gaskiyarta ce. Yayanta ya je aka rufe layin, aka bi dangi ana sanarwa. Ashe an aika wa wasu ma. Wani ƙanin Baffa da ya ga saƙon, acaɓa ya hau ya je ya same shi a gona ya tambaye shi, magana ta mutu a nan. Ni kaɗai na tura. Na je banki na kai ƙara, aka karɓa aka ce za a duba, ban ƙara jin komai ba. A ofis kuwa na daina huɗuba. In aka cuci wani yanzu, sannu nake ce masa, in tambaye shi da sunan wa aka zo masa.

Ban san iyakar abin da ya isa kunnen Baffa ba. Matata ta rantse ba ta maimaita kalmar da na faɗa ba, na kuma yarda da ita. Amma dattijo ne, ya ji an tura har sau biyu, an yi watanni ba a ce komai ba, sauran ya iya haɗawa da kansa. Da na je ba shi haƙuri na durƙusa ina kame-kame, bai bar ni na kai ƙarshe ba.

"Allah ya mayar maka da alheri," ya ce. "Ka yi don ni ne. Yaya mutanen Kazaure?"

Shi ke nan. Bai canza min fuska ba, ana aiko da nono da man shanu kamar da. Na ɗauka magana ta wuce.

Bara ciwo ya kwantar da shi, har aka kai shi asibiti a Kano aka yi masa aiki. Matata ta ce min jikin Baffa ne ya ɗan motsa, za ta je ta duba shi, na ba ta kuɗin mota na ce ta gaishe shi. Sai bayan an sallamo shi na je, na ga turke biyu babu komai a kai. Shanun huɗarsa ne aka sayar aka biya asibiti, ga damina ta kawo kai. 'Ya'yansa sun haɗa abin da za su iya, sauran surukan ma an gaya musu, kowa ya kawo nasa.

A mota muna dawowa na tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, me ya sa ni ba a gaya min ba, alhali ina da halin da zan taimaka.

Ta amsa tana kallon gonaki ta taga.

"Baffa ne ya ce kada a ɗora maka nauyi."