Inuwar da Harouna Ya Samo Mana

Duk cikin mutanenmu na New York babu wanda ya kai Harouna mai tabarau zuwa bakin teku, kuma babu wanda ya kai shi rashin sanin halin teku. Tun shekarar da ya sauka daga Maradi, wajen 1987, da zarar zafi ya shigo zai saɓa jakarsa ya hau jirgin ƙasa, yau Coney Island, gobe Orchard Beach, jibi Rockaway. Sai dai duk inda ya je, ƙeya yake bai wa ruwa. Fuskarsa na wajen masu wucewa a kan dandalin katako, idonsa ɗaya a kan tabarau ɗin da yake sayarwa, ɗayan a kan ƴan sanda. In ka tambaye shi yaya teku yau, sai ya ce maka ba laifi, an yi ciniki.

Ni sunana Filimon, mutumin Jos, direban tasi, a Soundview muke zaune da matata Alisabatu. Na san Harouna ne wata rana da ruwan sama ya tsare shi a Broadway, na ɗauke shi, na ji yana zagin lemar da shi da kansa yake sayarwa, da Hausa tsantsa. Tun daga ranar nake ce masa Alhaji, duk da cewa Makkar da ya taɓa zuwa ba ta wuce titi na 116 a Harlem ba. Shi kuma yana ce mini Fasto, duk da cewa a coci kujerar baya nake zama, kusa da ƙofa.

Harouna dogo ne siriri, mai saurin tafiya kamar an biyo shi. Kullum da safe sai ya leƙa taga ya dubi sama kafin ya san sana'arsa ta ranar. In da hadari, lema. In da sanyi, safar hannu da hula. In rana ta buɗe, tabarau. A karatun sama kam ban taɓa ganin ya faɗi ba, har matan cocinmu kan aiko ni in tambaye shi ko za a iya yin wasan yara a waje ran Lahadi.

A 1992 matarsa Zeinabou ta iso daga Maradi. Ya sa ta a wani ɗaki a hawa na sama a Harlem, mai taga ɗaya da ke kallon bangon wani gini. Ya saya mata talabijin, da firji, da keken ɗinki, da tukwane kamar za ta buɗe gidan abinci. Sannan ya ci gaba da fita tun kafin ta tashi, ya dawo bayan ta gaji da jira, Asabar da Lahadi duk ɗaya. A Maradi, Zeinabou ta tashi a gidan da in ka yi atishawa mutum goma za su amsa maka. A nan kuwa, in ji ta, ta kan wuni ba ta ji muryar kanta ba sai in ta ƙone a murhu.

Ta yi haƙuri shekara biyu. A farkon zafin 1994 ta gaya masa, ba faɗa ba kuka, cewa kafin sanyi ya dawo za ta koma gida, kuma ba ziyara take nufi ba. Wanta ya riga ya amince.

Harouna ya zo mana Soundview da wannan labari, ya zauna a kan kujera ya ƙi taɓa shayi. Ya lissafa mana duk abin da ya saya mata, ya tambaye mu mene ne ya rage. Alisabatu ta dube shi ta ce, "Kai ne ka rage, Malam Harouna." Ta ce ya ajiye jakar nan tasa, mu ɗauki matan mu bar gari na ƴan kwanaki, mu bi bakin teku a motata. Harouna ya waiwayo ya dube ni.

"Vakans kenan, yawon hutu irin na anasara?" ya ce. "Fasto, cikin watan Agusta? Watan da tabarau ke tahiya kamar ƙosai?"

Na ce masa to ya zauna da ƙosansa, a watan Oktoba sai in kai Zeinabou filin jirgi, ba zan kunna mita ba. Ya tashi ya ce Litinin ta yi.

Ranar tafiya suka sauko kamar za su ɗaurin aure. Shi da babbar riga ta shadda ruwan madara da hula, ita da atamfa sabuwa ɗaure tsam har idon sawu, da lalle da ƴan kunne. Ta dafo dambu cikin ƙatuwar tukunya, da soyayyen naman rago da yaji. Alisabatu ta kawo doya da miyar tumatir, ni kuma na kawo tabarma da rediyo mai kaset. Kafin mu tashi Alisabatu ta caje but ɗin motar, ta ciro wata ƴar jakar tabarau daga ƙarƙashin tayar safaya, ta miƙa wa mai shagon da ke ƙasan gininsu ajiya. Harouna ya ce bai san yadda ta shiga can ba.

Muka bi Long Island ta gefen arewa. Ƙananan garuruwa ne jere a bakin ruwa, gidajen katako fentin fari, jiragen ruwa a ɗaure suna rausaya, shagunan alawa da na tarkacen da. A Port Jefferson muka tsaya kallon babban jirgin fito yana haɗiye motoci ɗaya bayan ɗaya. Harouna ya gaishe da duk wanda muka haɗu da shi a titi, har ya tambayi wata tsohuwa lafiyar karenta. Da yamma ya tambaye ni gidan wa za mu sauka. Da na ce otal, ya ce ashe garin nan kaf babu Bahaushe ko ɗaya, to wa ke sayar musu da kaya?

Zeinabou dai tana baya. A mota tana baya, a titi ma tana baya, shi yana gaba da taku mai nisa kamar yana kai ta asibiti. In ya ga abin kallo sai ya waiwayo ya nuna da haɓa ya ce, "Dubi." Ta duba. Ya wuce. Alisabatu ta raɗa mini cewa in haka za a ci gaba, gara ma mu juya mu rage mai.

Washegari muka gangara gabas, gonakin dankali a hagu da dama, har ni ɗan Jos na fara jin gida. Kafin Greenport muka sami wani wuri inda ƙasa ta yanke tsaye, gaɓa mai tsayi kamar gini, teku shimfiɗe a ƙasa, da wani dogon tsani na katako mai sauka zuwa bakin ruwa. A gindin tsanin Turawa ne kwance a cikin rana tsirara-tsirara, sun shafe jiki da mai, suna juyawa kamar ana gasa su. Harouna ya dube su ya girgiza kai. Ya ce shi matarsa ba kilishi ba ce da zai shanya ta. Ya ce mu jira shi.

Ya tattare riga ya bi gindin gaɓar, ya zagaya wani lungu inda manyan duwatsu suka zubo, ya ɓace. Can sai ga shi ya dawo yana murmushi, karo na farko tun da muka bar Harlem. Ya samo mana wuri.

Gaskiya wuri ne. Gaɓar ta rufa masa inuwa mai sanyi, yashin a daddaɓe sumul kamar tsakar gidan da aka share aka yayyafa wa ruwa, ba kwalba, ba takarda, ba mutum ko ɗaya. Teku yana can nesa yana harkarsa. Muka yi ta mamakin Turawa, ga inuwa kyauta sun bar ta sun je suna ƙona fata. Na ce wa Harouna yau kam ya ci sunan Alhaji.

Muna cikin shimfiɗa tabarma wani dattijo ya zo wucewa da sandar kamun kifi. Ya tsaya ya ce mana, cikin ladabi, kada mu daɗe a nan, ruwa zai zo. Na fassara wa Harouna kalma da kalma. Harouna ya fito daga inuwa, ya sa hannu a goshi, ya karanta sama gabas da yamma. Ko ƙyallin gajimare babu.

"Ka ce mishi mun gode," ya ce. Da dattijon ya wuce sai ya ƙara da cewa, "Ni a bakin gulbin Maradi na girma. Ruwa ba shi zuwa ba hadari. Tsohon nan inuwarmu yake so."

Ni ma da na girma a kan dutse na ga maganar ta hau. Muka ci dambu, muka ci nama, muka bi da doya. Harouna ya yi sallar azahar a kan yashin, ya ce bai taɓa samun wurin sujada mai daɗin wannan ba a Amurka. Matan suna hira ƙasa-ƙasa, rediyo na yi, iska na kaɗawa. Ɗaya bayan ɗaya muka miƙe ƙafa.

Sanyi ne a dugadugina ya tashe ni. Na buɗe ido na ga takalmina ɗaya yana tafiya shi kaɗai, ba gaggawa, ya nufi Connecticut, can ƙetaren ruwan. Tekun nan da muka bari can nesa ya iso bakin tabarma. Na dubi lungun da muka zagayo, babu hanya, sai kawunan duwatsu da kumfa. Ta ɗaya gefen ma haka. Bayanmu gaɓa ce tsaye, ƙasa mai zubewa, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Sama kuwa tas, shuɗiya, ba ta san an yi ba.

Harouna ya tashi tsaye ya dubi ruwan, ya dubi sama, ya sake duban ruwan, kamar wanda abokin ciniki ya ci amanarsa.

Alisabatu ba ta tsaya jiran bayani ba. Ta ɗage siket, ta aza tukunyar dambu a ka, ta shiga. Ruwan ya kai mata cinya, duwatsu na santsi, amma ta wuce tana kiran sunan Yesu a kowane taku. Na naɗe tabarma, na rungumi rediyo, na ce wa Zeinabou ta biyo ni. Ta taka ruwan, zanen ya jiƙe ya ɗaure mata ƙafafu kamar dabaibayi, ta yi tangal-tangal ta dawo. Na ce ta ɗage shi zuwa gwiwa. Ta sunkuyar da kai, ta kira ni yadda ta saba, ta ce, "Baban Hosanna, ba a gabanka ba." Na ce zan juya baya. Ta nuna sama da ido. Ashe Turawa sun taru a kan tsani da bakin gaɓa suna leƙenmu, har da dattijon mai kifi.

Ruwa na ƙaruwa, ita ta kafe, ni ina tsaye da takalmi ɗaya. Sai na ga Harouna ya tuɓe babbar riga ya yafa mini a wuya, ya cire hula ya cusa a aljihuna. Ya juya mata baya ya durƙusa a cikin ruwa.

"Hau," ya ce.

"Malam, mutane na kallo."

"Su kalla. Ba su san kowa ba a Maradi."

Ta hau. Mutumin da ko jerawa da matarsa bai taɓa yi a titi ba, ga shi ya goya ta da rana tsaka a gaban jama'a, dogayen ƙafafunsa na rawa a kan duwatsu. A tsakiyar lungun wata igiyar ruwa ta buge shi a ƙugu, ya zame ya durƙusa, ruwan ya kai musu ƙirji. Ta ƙanƙame wuyansa ta ce, "Harouna, kar ka sake ni." Ni da na san su tun zuwanta, ranar na fara jin sunansa a bakinta. Ya miƙe yana tari ya ce in ta sassauta masa maƙogwaro zai yi ƙoƙari. A nan dariya ta kama ta. Tana dariya, yana tangaɗi, har suka fito kan busasshen yashi, Turawa na tafa musu. Ya sauke ta ya karɓi rigarsa ya saka a kan jiƙaƙƙen wando, ya gaishe da dattijon mai kifi kamar ba abin da ya faru.

Dattijon ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani cewa teku kullum haka yake, ya cika ya janye, ba ruwansa da hadari. Yashin nan mai tsabta da muka yaba, shi ne ke wanke shi. Harouna ya saurara da kyau, sannan ya ce mini a gefe, ruwan da ba ya jiran damina ba shi da tarbiyya.

Daren nan a Greenport muka kwana, kayanmu rataye a barandar otal. Da safe muka zaga tashar jiragen ruwa, ni da silifas ɗin Alisabatu. Na lura Harouna ya rage sauri, ko don ciwon gwiwa ko don wani abu, har kafaɗarsa na kusa da ta Zeinabou. Daga baya Alisabatu ta gaya mini abin da Zeinabou ta ce mata a ɗaki: tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa ganin hannuwansa biyu ba kaya a cikinsu ba sai jiya.

A hanyar komawa Zeinabou ta ga hoton wata doguwar hasumiya mai fitila a jikin allo a gefen titi, ta tambayi ina ne. Na ce Montauk, can ƙarshen tsibirin ta ɗaya ɓangaren, ba mu samu kaiwa ba.

"To baɗi can za mu," ta ce. "Kuma ni zan zaɓi wurin zama."

Da muka tsaya shan mai Harouna ya fito ya same ni a bakin famfo, ya tsaya yana kallon lambobi suna juyawa.

"Fasto, baɗi ta ce?"

"Baɗi ta ce, Alhaji."

"Kai ma ka ji?"

Na ce ni ma na ji, Alisabatu ma ta ji, in yana son shaidu a kawo. Ya gyara hularsa, wadda har yanzu ba ta gama bushewa ba, ya shiga shagon gidan man ya sayo wa Zeinabou askirim, ya tsaya a bakin tagar mota har ta shanye.