Keken da Ba Ya Ƙara

Kawuna ya shekara ashirin da bakwai yana wankin zannuwan gado a asibiti, kuma duk tsawon shekarun nan keke ɗaya ya hau. Keken ma dai suna ne kawai. Sarƙarsa ta saki, tana dukan murfinta kacau-kacau, tun daga kan kwana unguwa ta san Kawu ya taso aiki. Kullum sai ta shafa wa farin wandonsa baƙin mai, matarsa ta wanke tana mita, wai mai wankin asibiti guda amma shi ya fi kowa dauɗa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kuka da wannan ƙarar ba, wato Kaka, mahaifiyarsa. Idonta ya tafi tuntuni, tunaninta ma ya fara bin sahu. Tana zama a baranda da kwanonta a rufe, ba ta taɓa shi sai ƙarfe biyar na yamma in ta ji kacau-kacau. Sai ta ce, "Ga Auta nan." Shi kuma ya jingine keken a bango, ya zauna a kujerar gefenta su ci tare.

Ni na ja shi shagon kekuna, kuma har yau ina jin haushin kaina. Mai shagon ya fito mana da wani na hannu mai sauƙin kuɗi, wanda maimakon sarƙa bel ne na roba mai haƙora.

Ya ce, "Baba, wannan ba ya shan mai, ba ya tsatsa, ba ya ɓata wando. In ya yi datti ka watsa masa ruwa, shi ke nan. Ga shi shiru, ko kyanwa albarka."

Kawu ya zaga layi sau biyu ya dawo yana washe baki. Tsohon kuwa nan take ya bar wa masu sayen ƙarfe.

Da yamma ya shigo gida, ko motsinsa ba a ji ba.

"Inna, sannu da gida."

Kaka ta karkata kai. "Wane ne?"

"Ni ne mana, Inna."

"Muryar dai tasa ce. Amma Auta bai dawo ba tukuna, da na ji shi."

Muka yi dariya, muka ɗauka zolaya ce. Ranar ba ta buɗe kwanon ba. Washegari ma haka, daga ruwa sai ruwa. Hankalin Kawu ya tashi, ya koma neman tsohon kekensa, ya tarar an riga an yanka shi an loda a mota. Ya samo guntuwar sarƙa ya ɗaura a bayan sabon. Kaka ta saurara, ta taɓe baki ta ce wannan ba ita ba ce.

Rana ta huɗu ina wurin. Ƙarfe biyar, rana ba ta ko yi ja ba, layin babu kowa. Kawu na zaune a kujerarsa yana lallashinta, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Ga Auta nan."

Wallahi ba mu ji komai ba. Amma fuskarta ta juya a hankali kamar mai bin ƙarar keke, daga kan kwana, ta biyo layi, ta shigo ƙofa, ta tsaya daidai jikin bango. Tsikar jikina ta tashi. Ta buɗe kwanon tana murmushi, sannan ta laluba ta dafa gwiwar Kawu.

"Bawan Allah, yi haƙuri, tashi ka ba ɗana wuri. Ya gaji."

Kawu ya dubi buɗaɗɗen kwanon, ya dubi yadda yunwa ta ramar da ita. Sai ya miƙe.

Wata bakwai ta ƙara a duniya, tana cin abincinta sarai. Kullum da yamma Kawu na tsaye nesa kaɗan, yana jin ta tana tambayar kujerar labarin aiki.