Usta Maliki da Zafin Matmura

Maliki ɗan leburan gona ne daga Gadambaliya. Ya yi yankan dawa har ya shekara ashirin, sannan ya shigo Gadarif ya koyi gyaran rediyo, daga baya ya koma gyaran wayar hannu. A kasuwa kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a.

Wata shekara dawar yayansa Husain ta ruɓe a matmura, ramin da ake binne hatsi. Ruwa ya sulala ciki, dawa ta ɗau zafi, ba wanda ya sani sai da aka tone. Abin ya tsaya wa Maliki a rai, ya ce sai ya haɗa na'urar da za ta faɗi zafin rami tun yana rufe.

Ma'aunin zafi bai yi wuyar samu ba. Sai dai 'yar wutar da yake turowa ba lamba ba ce, dole a nemi aisi, ƙwayar lantarkin da za ta juya ta zuwa lambar da allo zai nuna. Ya garzaya shagon Mujtaba mai kayan lantarki, aka zube masa iri biyu. Ɗaya mai sauri ce ƙwarai, amma gida dubu da ɗoriya kawai take raba wutar. Ɗayar tana da nawa, sai dai gida dubu sittin da biyar take rabawa, kuma tana karɓar ma'auni huɗu. Mujtaba ya ce kowa mai saurin yake ɗauka.

"Ya zol, bawan Allah, dawa ba gudu take ba," in ji Maliki. "Zafinta a hankali yake hawa. Ba ni mai ganin ƙanƙanin canji."

Da farko lambobi sun yi ta rawa saboda tsawon wayoyin da suka haɗa ma'aunin da aisin, sai da ya murɗa wayoyin tare suka natsu. Ya tsoma ma'aunin a kofin shayi, ya ga lamba tana sauka daki-daki yayin da shayin ke hucewa. Ya miƙe da dariya, har maƙwabtan shago suka leƙo.

Da kaka ya binne ma'aunai a ramukan Husain huɗu. Bayan wata biyu rami na uku ya fara fin sauran zafi. Husain ya yi musu, amma ya yarda aka tone. Gefe guda ya jiƙe, sauran lafiya lau. Suka shanya dawar a rana, Husain na ta dafa kafaɗarsa yana cewa, "Ashe ƙanena, ashe."

Yanzu manoma har daga Hawata suke zuwa shagonsa, shi kuma ya sa Mujtaba cigiyar aisi mai karɓar ma'auni takwas.