Fiton Baba a Fage

Ranar wata Alhamis cikin kaka, shekarar da haƙorana na gaba suka faɗi, Inna ta ja ni muka fita ta ƙofar yamma ta garinmu, can wajen Karare, wai itace za mu yi. Itace da rana tsaka! Kowa ya san inda muka nufa. Bayan gonaki akwai wani fili da ake ce wa Fage, inda mazan garinmu suka tari mahara shekara biyu kafin nan. Babana yana cikinsu. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji labarin an kama shi ba.

Ba mai noma Fage, ba mai kai dabba kiwo. In rana ta take sai a ji sukuwar dawaki da ihun maza, alhali ko ƙadangare ba ya motsi. Tsofaffi suna cewa, "Duk wanda ya ji muryar nasa a Fage, to ya yi masa sadaka, ya rasu." Abin da ke kai Inna ke nan. Muddin ba ta ji ba, ba takaba, ba barin ɗaki.

Ni kuwa garin ya ishe ni. Tun la'asar ake rufe ƙofa don tsoron mahara. Surfe a gindin ganuwa, ɗiban ruwa a rijiya ɗaya tal, gaɗarmu ma ƙasa-ƙasa muke yi kada a jiyo mu daga waje. Duk kaka sai Kawu Sale, ƙanen Inna, ya zo da jakinsa daga Tsaskiya ya ce, "Yaya, ki tattara mu tafi gida." Ita kuwa ta ce, "In ya dawo ya tarar da wa?" Wallahi ji nake kamar in ɗane jakin nan in bar ta.

To, ranar nan muna tsaye gindin wata aduwa, zufa na karyo mana, sai na ji fito. Irin wanda Baba ke yi wa awakinmu, ya datse shi sannan ya ja. Na ce, "Inna, Baba ne!" Ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya shiga, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "Iska ce, Hajo. Ɗauki itacenki." Daga ranar ba ta ƙara taka hanyar Fage ba. Kawu ya yi ta zuwa har ya gaji, a ɗakin nan Inna ta tsufa ta rasu.

Yanzu ganuwa ta zube, ƙofa ko alamarta babu, gyaɗa ake shukawa a Fage, yara na tsintar kawunan kibau suna wasa da su. Na daɗe ina jin haushin Inna, sai ranar da aka fita da gawar nawa mijin ina kallo, na ji har cikin raina da ma in sami wanda zai ce mini ƙarya ne, bai mutu ba. Inna ta ji fiton nan sarai, Allah ya jiƙanta.