Garin Kwalba a Zaren Dambe

Ni ɗan mahauta ne, a Gaya aka haife ni, zamanin da gyaɗa ke da daraja. Gidanmu gidan dambe ne, amma ni Allah bai ba ni ƙirji ba, ko tunkiya ta ture ni sai na faɗi. Abin da na iya shi ne naɗa wa ɗan dambe hannu. In na shimfiɗa ƙyalle na bi shi da zare, sai ka rantse da shi aka haifi mutum. Ni nake naɗa wa yayana Ilu, wanda da kaka ake ɗauko shi gari-gari a biya shi.

Ku yara, ba rana ɗaya na lalace ba. Da fari 'yan caca ne ke saya mini tsire, su tambaye ni wanda wuyan hannunsa ke ciwo, ni kuwa in faɗa. Daga nan na fara sassauta wa baƙi naɗi. Ban ankara ba ni ma na zama ɗan caca, har raina ya daina jin komai.

Shekarar da aka gama yaƙi, aka haɗa Ilu da Sale, mutumin garin Balan, ranar kasuwar Ajingi. Sale ƙato ne, ga fara'a, sau da yawa mun ci tuwo kwano ɗaya da shi. Na zuba duk abin da na mallaka a kan Ilu, sai tsoro ya kama ni. Na daka kwalba, na kwaɓa garin da ƙaro, na shafe zaren. Ilu bai sani ba. Ya miƙo mini hannu yana raha da makaɗa, ko kallon naɗin bai yi ba.

Al'ada ce Sarkin Dambe ya shafa hannun kowa kafin a kara. Da ya zo kanmu sai ya ce, “Naɗin ƙanen Ilu ai ba ya bukatar dubawa.” Ya wuce. Wallahi har yau maganar nan tana ƙona ni.

Da la'asar aka shiga fili, kalangu na tashi. Naushin farko ya sami Sale a idon hagu. Bai faɗi ba, durƙusawa ya yi yana salati, jini na bin yatsunsa. Kiɗa ya tsaya. Sarkin Dambe ya kama hannun Ilu ya shafa, ya ɗago tafinsa a yanke.

Jama'a suka yi ca a kan Ilu, ana ce masa mugu, azzalumi. Shi kuwa ni kaɗai yake kallo. Ya ce, “Kai, me ka sa mini a hannu?” Nan take jama'a suka gane aikina ne. Alƙali ya ɗaure ni, aka kai ni gidan yari a Kano. Idon Sale ya tafi, Ilu kuma bai sake shiga fili ba.

Da na fito, na dawo Gaya neman gafarar yayana. Aka ce yana Balan, can yake yin kowace damina. Na same shi a gonar Sale yana noma, Sale na gefe yana bin kunya a hankali da ido ɗaya. Na durƙusa na ce, “Yaya, ka yafe mini.”

Ya ce, “Ba ni za ka roƙa ba.”

Sale ya juyo da duk fuskarsa don ya gan ni. Ya ce, “Na yafe tuntuni, ɗan'uwa. Tashi, kada ka danne mini gero.” Ilu ya miƙo mini fartanyarsa, ya koma inuwa ya zauna. Tun ranar ni nake nome gonar nan, kuma ban taɓa jin na biya ba.

Ku yara, ku guji caca, ku guji tsiren da ake saya muku don a ji sirrin wani. In mutum ya miƙo muku hannunsa bai ko duba ba, ku ji tsoron Allah a kan abin da za ku naɗa masa.